Malam Gide da Hayaƙin Kwalta

A fadamar Unguwar Nata'ala, cikin ƙasar Faskari, ba nisa da Ruwan Godiya, shinge ɗaya ne ya raba lambuna da na Malam Gide. Shekaru da yawa muna jin kukan jigon juna tun da sassafe, har na kai ina gane ranar da ya tashi da ciwon baya daga yadda jigon nashi ke jinkirin sauka cikin rijiya.

Dogon mutum ne siriri, mai ɗan rankwafawa, ba shi da yawan magana. Ya gaji lambun daga mahaifinshi, tare da rijiyar da ke tsakiya da wata bishiyar lemun tsami da tsohon ya dasa a bakinta. Sau ɗaya ya taɓa barin gari don nema. Yana saurayi ya bi abokai ci-rani zuwa Gusau, ba a jima ba sai ga shi ya dawo, ya ce ruwan can bai karɓe shi ba. Bai sake gwadawa ba. Ya auri Lauratu daga Ketare, mace mai kazar-kazar da yawan dariya, ita ke yin maganar da shi ba ya yi.

Kuɓewa da alayyafo aka san shi da su. Kuɓewar wata iri ce doguwa mai laushi, ko ta kwana biyu a jikin uwarta ba ta tauri, irin da mahaifiyarshi ta zo da shi daga gidansu. Alayyafon kuwa ganyenshi ya kai tafin hannu. Ranar kasuwar Ƙanƙara yakan ɗora wa jakinshi mangala, ya lulluɓe kayan da jiƙaƙƙen buhu, kafin azahar ya sayar ya juyo. Ba ya ciniki mai tsawo. In mace ta tsaya tana ja da shi, sai ya ƙara mata ɗan dami ɗaya don dai ta tafi ya huta.

Kamfanin hanya ya iso mana ne a shekarun nan da kuɗi suka yi yawa a ƙasa, bayan an bar fam da sule an koma naira. Da kaka ne, ana cikin yankan gero. Suka share wani tudu a gabas da fadama inda a da ake ɗaure shanu, suka jibge tsakuwa kamar duwatsu, suka jera durom-durom na kwalta, suka kafa wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai dogon bututu. Katafila da tifofi suka cika wurin. Tsofaffi har sukan ɗauko buzunsu su zauna a inuwa don kallo kawai.

Duk wanda ya ga lokacin nan zai gaya maka garinmu bai taɓa yin daɗi kamarshi ba. Mai shayi ya kafa tebur, muka fara cin burodi ba sai an je Funtua ba. Samarinmu suka shiga lebura, suka sayi kekuna da agogo da rediyo. Ka ji Yarabanci nan, ka ji Tibanci can, ga mutanen Nijar, ga 'yan Gana. Lauratu ta sa aka yi mata rumfa a bakin sansanin, tana tuwo da dambu, miyarta duk daga lambun mijinta. Leburori suka riƙa layi da kwanoninsu, har akwai wani direban tifa da ya iya Hausa a bakin tukunyarta, kalmarshi ta farko ita ce "ƙara yaji". Malam Gide ya daina zuwa kasuwa, don kafin ya tsinke an saye. Jakinshi ya samu hutu ya yi ƙiba, har muna yi mashi ba'a cewa jakin ma ya ci rabonshi na arzikin man fetur.

A cikin waɗannan kwanaki ne Ɗanliti ya shigo lambun. Da tsakar rana ne, ina tsugune ina cire ciyawa, na ji murya a bakin shinge.

"Salamu alaikum, mai lambu. A taimaka mani da guga ɗaya, in ga ko har yanzu da sauran fata a ƙarƙashin baƙin nan."

Wani gajeren mutum ne kakkaura, daga kai har ƙafa baƙin hayaƙi, haƙora kawai ke haske. Malam Gide ya ɗebo mashi ruwa, ya yi alwala ya yi salla a gindin lemun tsamin. Da ya sallame bai tashi ba. Ya ce shi mutumin Sabuwa ne, gidansu maƙera ne, ya yi shekaru yana hura wutar gidan burodi a Funtua, shi ya sa da kamfani ya zo neman wanda ba ya tsoron wuta aka ba shi tukunyar kwalta. Ya ce a rayuwarshi bai taɓa shuka ko barkono ba. Ya nuna yalo ya tambayi ko ana ci ɗanye. Malam Gide ya tsinko mashi guda, ya gutsura, ya lumshe ido.

Tun daga ranar, duk lokacin hutun rana sai ya zo. Shi ke zuba, Malam Gide na aiki yana cewa "to" ko "ikon Allah". Ban taɓa jin maƙwabcina ya yi dariya da ƙarfi ba sai a zamanin Ɗanliti. Labarin gidan burodi, labarin wani ubangidanshi da zakara ya kora daga banɗaki, labarin yadda ya je neman aure aka ce ya dawo in ya yi wanka alhali ya yi. Ya girme mu a sanin duniya, amma Malam Gide ya girme shi a shekaru, don haka Baba yake ce mashi.

Da farko aikin share hanya da zuba tsakuwa aka fi yi, tukunyar ba ta cika aiki ba. Sai da rani ya shigo sosai, lambuna suka yi kore, sannan aka fara shimfiɗa kwalta gadan-gadan, aka koma hura wuta kusan kullum. Da baƙin mai suke hura ta. Hayaƙin yana da wani wari kamar na ashana in an ƙyasta, mai kama maƙoshi. In da safe ne iska ba ta motsi sosai, maimakon ya tashi sama sai ya kwanto, ya gangaro fadama a hankali, ya zauna kan fangulanmu lokacin raɓa ba ta bushe ba.

Wata safiya na ji jigon Malam Gide ya yi shiru da wuri. Na leƙa na gan shi tsaye kan alayyafonshi, hannu a ƙugu.

"Zo ka gani," ya ce.

Ganyen ya yi kamar an watsa mashi ruwan zafi, ya yi duhu-duhu ya langaɓe. Washegari wuraren suka bushe suka koma fari-fari kamar takarda. Abin da ya ɗaure mana kai, jijiyoyin ganyen suna nan kore shar, tsakaninsu ne da gefe-gefe ya ƙone. 'Yan ƙananan ganyen da ke toho a kai ba abin da ya same su. Manyan da suka isa tsinka, waɗanda ake sa rai da su, su ne suka fi lalacewa.

Muka ce ko ƙwaro ne, muka barbaɗa toka. Wasu suka ce baki ne ya kama lambun saboda yawan cinikin da ake yi, Malam Gide ya ce shi bai ga wanda ya tsare wa komai ba. A ganinshi ƙishirwa ce, don haka ya ƙara ruwa. Tun duku-duku yake fara ja, ya cika kowane fangali har ya tumbatsa kafin rana ta fito. Abin sai ƙaruwa yake. Kuɓewa ta fara zubar da fure tun bai ɗaura ɗa ba, wadda ta ɗaura kuma sai ta fito 'yar guntuwa a murɗe. Waken rani da na gwada a gefen nawa lambun ya bi sahu. Lauratu ta fara aikawa Ruwan Godiya a sayo mata ganyen miya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta zo gidan.

Sai mai unguwa ya aika aka kira malamin gona, Malam Lawwali. Matashi ne mai natsuwa, ya zo a kan babur. Bai yi gaggawar magana ba. Ya zagaya fadamar daga wannan bakin zuwa wancan, yana juya ganye yana duba bayanshi. Ya nuna mana abin da muka gani ba mu lura ba: fangulan da ke fuskantar sansani sun fi ƙonewa, waɗanda ke bayan manyan mangwarori kuwa da sauƙi. Albasar da wani ya dasa a tsakiyar ɓarnar tana tsaye ƙyam, haka ma 'yar masarar da ke bakin shinge. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bututun, sannan ya dawo wurin Malam Gide.

"Baba, wannan ba ƙwaro ba ne, ba kuma ƙishirwa ba. Man da suke ƙonawa can akwai farar wuta a cikinshi, in ya ƙone sai ta biyo hayaƙi. Shi kau ganye yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iska. In ya sha ruwa ya ji daɗi, rana ta fito, sai ya buɗe su duka. Hayaƙin ya shiga ya haɗu da ruwan da ke cikin ganyen, ya zama wani abu mai tsami mai cin jiki, ɗan'uwan ruwan batirin mota. Shi ke dafa ganyen daga ciki."

Malam Gide ya juya ya dubi fangulanshi. Can ya ce, "Ke nan ruwan da nike ƙara masu da safe..."

"Shi ke buɗe mashi ƙofa, Baba. Amma ba laifinka ba ne, kowa ya ga ganye ya langaɓe ruwa zai ba shi."

Ya ba mu shawara mu mayar da ban-ruwa yamma, mu kuma karkata ga albasa da masara har kamfani ya tashi, don su sun fi jure wa irin wannan hayaƙi. Ya ce ƙasar ma in abin ya daɗe takan yi tsami, mu riƙa zuba mata toka da taki. Da ya tafi Malam Gide ya zauna a bakin rijiya ya daɗe.

Maganar ta bazu a gari, ta kai sansani. Ɗanliti ya daina zuwa. Rana ta farko muka ce aiki ne ya riƙe shi. Da aka kwana biyu Lauratu ta ce ko rumfarta ya daina tsayawa, sai ya miƙo kwano ta hannun wani, ya je bayan tsakuwa ya ci shi kaɗai.

"Malam, mutuminka kunya ce ke cin shi," in ji ta. "Jiya na kira shi ya yi kamar bai ji ba."

Washegari da hantsi Malam Gide ya wanke ƙafa, ya sa rigarshi ta zuwa Juma'a, ya cika aljihu da yalo, ya ce in raka shi. Tun da aka kafa sansanin bai taɓa shiga ba. Muka ratsa tsakanin tifofi, zafin wurin kamar bakin maƙera, muka tarar da Ɗanliti ya ɗaure hanci da tsumma yana juya wani makunni. Da ya gan mu ya sauke tsumman, ya rasa inda zai sa idonshi.

"Baba, da kanka?"

"Da kaina. Mi muka yi maka?"

"Ni ne na yi maku, Baba. Na sha ruwanka, na ci yalonka, ashe ni ke ƙone maka abinci. Da wane ido zan zauna gindin lemun nan?"

"Kai ka haƙo man?"

"A'a."

"Kai ka ce iska ta biyo ta kaina?"

"A'a, amma hannuna ke kunna ta."

"In ka bari wani za su ɗauka, wanda bai san ƙofar lambuna ba. Kai da ke tsaye a bakinta ma, ka ji yadda kake tari?" Ya zaro yalon ya zuba mashi a hannu. "Gobe ka zo. Wurin ya yi mani shiru."

A sanina wannan ce magana mafi tsawo da Malam Gide ya taɓa yi a tsaye. Ɗanliti ya sunkuyar da kai, hawaye suka yi hanya biyu a cikin baƙin fuskarshi.

Mai unguwa ya jagoranci dattawa suka je wurin manyan kamfanin. An karɓe su da mutunci, aka ce tukunya ba ta ɗaguwa sai aiki ya ƙare, amma aka sa masu walda suka ƙara wa bututun tsawo. Hayaƙin ya rage mana, ko da yake na can ƙarshen fadama sun ce su aka tura wa. Ɗanliti kuma ya ƙirƙiro tashi dabarar. Ya rataye wani tsohon ƙarfen taya a jikin itace, duk ranar da za a hura wuta da safe sai ya buga shi tun kafin a fara. In muka ji, sai mu jingine jigo, mu bar shuka da ƙishirwarta har la'asar. Ranar da ba mu ji ba, mu ba ta ta sha ta ƙoshi. Ba ya hana ɓarna duka, amma tattasai da tumatir sun ɗan tsira ta dalilinshi. Har mata a cikin gida sun san ƙarar, in sun ji sai su kwashe shanyar kuka da kuɓewa busassa su shigar ɗaki.

Albasa ce Malam Gide ya daɗe yana ja da ita. Ya ce shuka ce marar fara'a, ba fure ba inuwa, kana wahala a sama ita tana ɓoye abin da take yi a ƙasa. Sai da rani na biyu ya zo, ya sake gwada alayyafo a fangali kaɗan ya ga ya sake ƙonewa, sannan ya je Ƙanƙara ya sayo iri. Kuɓewar mahaifiyarshi kuwa bai yarda ta ɓace ba. Ya kai irin Ketare, surukanshi suka ba shi ɗan wuri a bayan gida, yakan ari keke ya je ya duba ta, ya dawo da 'yar kaɗan a ƙunshe wadda ba ta sayarwa ba ce, ta miyar gida ce.

Hannun da ya iya lambu bai ɓata albasa ba. Ta yi manyan kai jajaye, ta cika rumfa. Lokacin kuma kwalta ta riga ta wuce garinmu, manyan motoci suka fara tsayawa a bakin hanya suna lodi zuwa kudu. A shekarar ya yi wa ɗakin Lauratu rufin kwano, ya sayi keken kanshi. Baƙi suka riƙa tambayar gidan Gide Mai Albasa, sunan ya bi shi. In an kira shi da shi yakan amsa, amma ni na san bai taɓa jin daɗinshi ba.

Lemun tsamin ne bai kai labari ba. Ya riƙa zubar da ganye yana sake toho, kowane toho ya fi na baya ƙanƙanta, har reshen gabas ya bushe, sauran suka bi. Malam Gide ya ƙi sare shi. Sai da iskar farkon damina ta karya shi, sannan ya tattara itacen ya kai gida. Shi da Ɗanliti suka koma zama a inuwar zana.

Rana ɗaya aka fara kwance tukunyar. Cikin 'yan kwanaki tifofi suka kwashe komai, mai shayi ya naɗe teburinshi, samari da yawa suka bi kamfani gaba. Ɗanliti ya zo sallama da tsabtatacciyar riga, har muka kusa kasa gane shi. Malam Gide ya cika mashi buhu da albasa, ya raka shi bakin hanya, ya tsaya har motar ta ɓace. Iska ta washe, alayyafo ya dawo da faɗinshi a rani na gaba, amma garin ya yi wani irin shiru da muka daɗe ba mu saba da shi ba. Lauratu ta ce da ta san haka kewar hayaniya take, da ta ƙara wa kowa miya.

Bayan wasu shekaru wani direba ya kawo labari cewa Ɗanliti ya bar aiki ya koma Sabuwa, ƙirji ya matsa mashi. Malam Gide, wanda rabonshi da tafiya mai nisa tun Gusau, ya bar mani amanar lambu ya hau mota. Mun zaci kwana ɗaya zai yi, sai ga shi ya share mako.

Da ya dawo na tambaye shi abin da ya riƙe shi. Ya ce ya tarar da mutumin ya rame, magana kaɗan sai tari, amma bakin bai mutu ba. A bayan gidan ya ga ya tona wasu 'yan ramuka ya zuba irin tumatir birjik wuri ɗaya kamar mai shuka gero, yana ba su ruwa da buta.

"Na ce mashi wannan ba lambu ba ne, wulaƙanta iri ne. Ya ce to Baba gyara mani."

Shi ne ya ari fartanya ya ja mashi fangula, ya nuna mashi yadda ake dashe da tazarar da ake bari. Ɗanliti na zaune kan turmi yana ba shi labari, shi yana aiki. Ya ce sai da ya ga dashen ya miƙe sannan ya kamo hanya.

Ɗanliti ya ci tumatirin nan, har ya aiko mana da kwando ɗaya, ƙanana masu tsami, muka raba gida-gida. Da damina ta zagayo aka aiko da rasuwarshi. Malam Gide ya je gaisuwa ya dawo, ya ci gaba da jan ruwanshi shekaru masu yawa bayan haka. Da 'ya'yanshi suka sayo injin ban-ruwa ya bar su suka kafa, amma ya ce a bar mashi fangula biyu na kusa da rijiya, ya riƙa ba su da hannu har ƙarfinshi ya ƙare. Ya rasu da kaka, aka yi mashi salla bayan azahar, mutanen da suka zo daga Ketare da Ruwan Godiya har sun fi na gari yawa.